Wa Ke Cin Ribar Musun Ƙwayoyin Cuta?

A watan Agustan 1892 annobar kwalara ta auka wa Hamburg, babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Jamus. Kafin ta lafa, cikin 'yan makonni, ta kwantar da mutum kusan 17,000, ta kashe kimanin 8,600. Akwai wani gari mai suna Altona da ya haɗe da Hamburg gida da gida, har baƙo ba ya gane inda wannan ya ƙare wancan ya soma, amma shi annobar ba ta yi masa irin wannan ɓarna ba. Garuruwan biyu daga kogi ɗaya suke sha, kogin Elbe, kuma Altona ce a gangare, wato sai ruwan ya kwashi ƙazantar Hamburg kafin ya iso mata. Abin da ya raba su shi ne Altona tana tace ruwanta da yashi kafin ta sake shi a famfo, Hamburg kuwa yadda ta zuƙo shi daga kogi haka take raba wa jama'a. A titin da ke kan iyakar garuruwan biyu, mutane suna shaƙar iska ɗaya, suna taka ƙasa ɗaya, amma wannan gefen ana ta fitar da gawa, wancan gefen ana zaune lafiya.

Ba za a ce mahukuntan Hamburg ba su ji labari ba. Tun a 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi gidajen da kwalara ta shiga a unguwar Soho ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa mafi yawansu daga famfon tuƙa-tuƙa guda suke ɗiban ruwa. A 1883 da 1884 kuma ɗan ƙasarsu, Robert Koch, ya bi cutar har Masar da Kalkata ta Indiya, ya ware ƙwayar da ke haddasa ta, ya gan ta a hanjin waɗanda suka mutu, ya kuma same ta a tafkin da mutanen unguwa ke sha. Shekara takwas ke nan kafin annobar Hamburg. Duk da haka attajiran da ke riƙe da majalisar birnin, da likitocin da ke ba su shawara, sun fi gamsuwa da wata tsohuwar fahimta mai cewa kwalara tana tasowa ne daga gurɓataccen tururi da ƙasa ke fitarwa.

Dalilin da ya sa wannan fahimta ta kwanta musu a rai ba ɓoyayye ba ne. Idan aka yarda ƙwaya ce ke bin ruwa daga hanjin wani zuwa bakin wani, to dole a killace jiragen ruwa, a tsai da fatauci, a fitar da maƙudan kuɗi a kammala matatar ruwan da aka daɗe ana ja-in-ja a kanta. Idan kuwa tururin ƙasa ne, babu wanda za a tuhuma, kuma kasuwa za ta ci gaba da ci. Haka aka shafe kwanaki mutane suna mutuwa hukuma ba ta sanar ba, jirage suna tashi da takardar shaidar cewa gari lafiya yake. Ɗaya daga cikinsu, Moravia, ya isa New York a ƙarshen watan bayan mutum 22 sun mutu a cikinsa a hanya. Sai da gwamnatin Berlin ta turo Koch da kansa aka rufe makarantu, aka shiga rabon dafaffen ruwa a tituna. Matatar da aka yi shekaru ana jan ƙafa a kanta kuwa, a 1893 aka kammala ta, ba a sake ganin irin wannan annoba a birnin ba.

Na fara da wannan labari ne domin yadda muka saba kallon masu musun ƙwayoyin cuta bai gamsar da ni ba. Da zarar an ji wani ya ce shi bai yarda akwai wata halitta da ido ba ya gani mai sa amai da gudawa ba, sai a ce jahilci ne, a yi masa dariya, a wuce. Tarihi ya nuna cewa musun da ya fi kisa ba daga bakin tsohuwa a ƙauye yake fitowa ba. Daga ofis yake fitowa, daga bakin mutanen da yarda da ƙwayar za ta ɗora musu aiki ko ta rage musu riba. Duk inda aka ji ana musun nan, kafin a auna ilimin mai maganar, a fara duba wanda maganar ta sauke wa nauyi.

Jagoran masu fahimtar tururin ƙasa a wancan zamani ba sakarai ba ne. Max von Pettenkofer babban malamin kiwon lafiya ne a Munich, kuma da ƙoƙarinsa birnin ya sami magudanun ƙazanta da ruwan sha mai tsabta daga tsaunuka. Ya ceci rayuka da yawa. Bai musanta cewa Koch ya ga wata ƙwaya ba, cewa ya yi ita kaɗai ba ta isa ta kwantar da mutum ba sai ta haɗu da yanayin ƙasar wuri. Domin ya tabbatar da haka, ranar 7 ga Oktoban 1892, yana da shekara sama da 70, ya sha ruwan da aka raini ƙwayoyin kwalara a ciki, a gaban shaidu. Gudawa ya yi ta 'yan kwanaki ya miƙe. Mataimakinsa Rudolf Emmerich ya maimaita abin, shi ya fi jin jiki, amma shi ma ya tashi. Har yau masu musu suna kafa hujja da wannan kofi da dattijon ya sha.

Hujjar ba ta tsaya ba, amma akwai gaskiya a gefenta da bai kamata a tattake ba. Yanzu an san cewa mafi yawan waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga cikinsu ba sa kwanciya, ko kuma su yi 'yar gudawa su warke, alhali suna zubar da ita a bayan gida tana kama wasu. Haka tarin fuka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayarsa ta taɓa shiga jikinsu, amma biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai ciwon ke tasowa a kansu, kuma ya fi tasowa ga mai yunwa, da mai ciwon sukari, da mai ƙanjamau, da mai kwana a cunkushe. Wato ƙarfin jiki da abinci da muhalli duk suna da tasiri. Manomi ya san wannan sarai: iri ɗaya za ka zuba a gona mai taki da kan fako, nan ya yi kyau can ya mutu, amma komai kyan gona gero ba ya fitowa inda ba a zuba irin gero ba. Talauci yana buɗe wa tarin fuka ƙofa, amma babu talaucin da zai sa wa mutum tarin fuka idan ƙwayar ba ta shige shi ba.

Bayan shekara 92 wani likita ya sake irin wannan kasada, amma don ya tabbatar da akasin haka. A 1984 Barry Marshall na ƙasar Ostareliya ya sha ruwa mai ɗauke da wata ƙwaya da shi da abokin aikinsa Robin Warren suka ce ita ce silar mafi yawan gyambon ciki, a lokacin da likitoci suka tafi a kan cewa damuwa da yaji ne ke kawo shi. Cikin kwanaki cikinsa ya kumbura ya shiga amai, aka leƙa aka ga ƙwayar. Ba shan da ya yi ne ya rufe gardama ba. Abin da ya rufe ta shi ne dubban marasa lafiya da aka ba maganin kashe ƙwayar suka rabu da ciwon da suka yi shekaru suna fama da shi. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. A harkar nan hujja ba ta tsayuwa da abin da ya faru ga mutum ɗaya, sai an tara mutane da yawa an kwatanta.

Inda musun ya fi yin ɓarna a zamaninmu a nahiyarmu ne. Lokacin da Thabo Mbeki ya karɓi mulkin Afirka ta Kudu a 1999, ƙasar tana cikin waɗanda ƙanjamau ya fi addaba a duniya. Mbeki mutum ne mai karatu, mai kishin baƙar fata, kuma yana da dalilai na gaske na zargin Turawa. Gwamnatin wariyar launin fata ta gudanar da shirin sirri na makamai masu guba da ƙwayoyin cuta a ƙarƙashin wani likita, Wouter Basson. Kamfanonin magunguna suna sayar da maganin rage kaifin ƙanjamau a kan dala kusan 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, har 39 daga cikinsu suka kai gwamnatin ƙasar kotu don ta nemi hanyar samun magani mai rahusa, sai a 2001 suka janye ƙarar saboda matsin lambar jama'a. Ga kuma yadda wasu kafafen Turai ke maganar cutar kamar shaida ce a kan lalacewar tarbiyyar Afirka. Duk wannan ya faru, kuma duk mai zuciya zai ji haushi.

Sai dai Mbeki ya ɗauki haushin ya kai shi inda bai dace ba. A 2000 ya kafa kwamitin ba da shawara ya saka irin su Peter Duesberg, wani farfesa daga Amurka mai cewa ƙwayar HIV ba ita ke kawo ƙanjamau ba. A babban taron duniya kan cutar da aka yi a Durban a watan Yulin shekarar, ya karkata jawabinsa ga talauci, alhali masana da likitoci sama da 5,000 sun riga sun sa hannu a wata sanarwa suna jaddada cewa ƙwayar ce sila. A wannan taro ne wani yaro ɗan shekara 11, Nkosi Johnson, wanda aka haifa da cutar, ya tsaya ya roƙi gwamnati ta ba mata masu ciki maganin da zai kare jariransu. Shekara guda bayan haka ya rasu. Ministar lafiya, Manto Tshabalala-Msimang, ta yi ta tallata tafarnuwa da lemun tsami da man zaitun, tana tsorata mutane da cewa maganin asibiti guba ne. Wani Bajamushe mai sayar da ƙwayoyin bitamin, Matthias Rath, ya sami fili ya shiga unguwannin talakawa a Cape Town yana jan marasa lafiya su bar maganinsu su koma nasa, sai a 2008 kotu ta taka masa burki.

Talakawa ne suka kai gwamnati ƙara. Ƙungiyar masu fafutukar neman magani ta TAC ta yi nasara a kotun tsarin mulki a 2002, aka tilasta wa gwamnati ba masu ciki maganin nevirapine. Rabon magani ga kowa bai soma ba sai 2004, alhali maƙwabciyarta Botswana ta fara tun 2002. A 2008 masu bincike na jami'ar Harvard suka lissafa abin da jinkirin ya ci: rayuka sama da 330,000 tsakanin 2000 da 2005, da jarirai kimanin 35,000 da aka haifa da cutar alhali ana iya kare su. A lura da kyau, maganar Mbeki cewa talauci na kashe 'yan Afirka gaskiya ce, kamar yadda maganar Pettenkofer kan tsabtar gari gaskiya ce. Amma a duka wuraren biyu an yi amfani da rabin gaskiya an ture aikin da ke gaban hukuma a ranar.

Idan muka dawo gida, abin yana da fuska biyu, kuma kuskure ne a haɗa su a yi musu hukunci ɗaya.

Fuska ta farko ita ce ta mutumin gari. Uwar da ta ce iska ce ta shanye ƙafar ɗanta, ko wanda ya ce ɗanyen mangwaro ne ya sa masa zazzaɓi, ba su zauna sun karanta Koch suka ƙi shi ba. Abin da suka tashi suka tarar ke nan, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu wani abu daban. Yara nawa ne suka gama sakandare a garuruwanmu, suka haddace sunayen ƙwayoyin cuta don jarrabawa, ba su taɓa ɗora ido a kan madubin likita ba? Kuma wannan mutumin da ake cewa bai yarda da ƙwayoyin cuta ba, shi ne zai hana ɗansa shiga ɗakin da mai ƙyanda yake kwance, shi ne zai keɓe wa mai tari kwanonsa. Sanin cewa cuta tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum tsohon abu ne a wurinmu. Abin da ya rage shi ne a nuna masa mene ne yake yaɗuwar, da ta ina yake bi.

Wani lokaci kuma abin da ake kira musun kimiyya rashin yarda ne da masu kawo ta, kuma rashin yardar yana da tushe. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, da aka ce allurar shan inna tana ɗauke da abin hana haihuwa, jita-jitar ta sami kunnuwan da aka riga aka ɓata. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yaman da Indunusiya. Zargin ƙarya ne, kuma yaran da suka gurgunce a wannan tsakani su suka biya. Amma abin da ya dawo da mutane ba gori ba ne. An sayo maganin daga Indunusiya, sarakuna da malamai suka shiga gaba, manya suka fito da 'ya'yansu aka ɗiga musu a bainar jama'a. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Fuska ta biyu ita ce ta mai mulki, kuma ita ce ke tuna min da Hamburg. A 2017 sanƙarau nau'in C ya kashe mutum sama da 1,000 a Najeriya, Zamfara ce ta fi shan wuya. Gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya gaya wa 'yan jarida cewa annobar hukunci ce daga Allah saboda saɓon da mutane ke yi, musamman zina. Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya fito fili ya ce maganar ba daidai ba ce ko a addinance, a nemo rigakafi. Dalilin annobar sananne ne ga ma'aikatan lafiya. Allurar da aka yi ta yi wa jama'a tun 2010 a Nijar da 2011 a Najeriya ta nau'in A ce, ta kuma yi aiki ƙwarai, sai nau'in C ya samu jama'ar da ba ta da kariya daga gare shi, ga zafi, ga ƙura, ga kwana a cunkushe. Da yawa daga cikin waɗanda suka mutu yara ne da ba su ma balaga ba. Idan gwamna ya ce zunubi ne, ya ɗauke tambayar daga kan teburinsa ya mayar da ita kan gawar mamaci. Babu sauran mai tambayar yaushe aka kai rahoton farko, me ya jinkirta gwaji, ina allura.

Ba na ganin Musulmi yana da wata tsaka-mai-wuya a nan. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas, ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa masa da cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinsa. Hadisin da ake yawan kawowa na kore yaɗuwar cuta, malamai da yawa tun da can sun haɗa shi da wanda ya hana a cakuɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, suka ce ma'anar ita ce cuta ba ta da ikon kanta sai da iznin Allah, amma sababi yana nan. A ƙarni na 14, lokacin baƙar annobar da ta cinye Turai da ƙasashen Larabawa, wani malami kuma waziri a Garnaɗa ta Andalus, Ibnul Khaɗib, ya rubuta cewa yaɗuwar cutar ta tufafi da kwanuka da jiragen ruwa abu ne da lura ta tabbatar. Ƙwayar kwalara halitta ce daga halittun Allah, kamar kunama. Wanda ya ce kunama ce ta harbe shi bai kore ƙaddara ba.

Yanzu kuma ga wani sabon salo da wayar hannu ta kawo. Wannan ba gadon kaka ba ne, shigo da shi ake yi daga Turai da Amurka, a fassara, a tura a WhatsApp da TikTok. A Jamus wani mai suna Stefan Lanka ya sa ladan yuro 100,000 a 2011 ga duk wanda ya tabbatar akwai ƙwayar ƙyanda. Wani matashin likita, David Bardens, ya kawo masa binciken masana guda shida. Kotun farko ta ce Lanka ya biya, kotun ɗaukaka ƙara a Stuttgart ta soke a 2016, bisa dalilin cewa sharaɗin da ya gindaya takarda ɗaya ce ba shida ba. Kotun ba ta ce babu ƙwayar ba, amma har yau ana yaɗa labarin da cewa shari'a ta ƙaryata ƙyanda. Da korona ta zo a 2020 irin waɗannan maganganu suka ƙara samun kasuwa. Idan ka bi sawun da yawa daga cikin masu yaɗa su, a ƙarshe za ka tarar da abin sayarwa: garin magani, ruwan wanke ciki, littafi, ko dai yawan mabiya da ake juyawa kuɗi. Mai kwalba ɗaya da ke maganin cuta arba'in ba zai so a ce kowace cuta da ƙwayarta da maganinta ba.

Abin da sanin ƙwayoyin cuta ke ba talaka shi ne ikon nuna yatsa da hujja. A watan Oktoban 2010 kwalara ta ɓulla a Haiti, ƙasar da ba a san ta da cutar ba a tarihin zamani. Ta kama mutum sama da 800,000, ta kashe kusan 10,000. Mutanen gari sun zargi wani sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal, wanda ƙazantarsa ke malala cikin wani rafi mai shiga kogin Artibonite. Majalisar ta yi shekaru tana kaucewa. Masana suka binciki ƙwayar, suka gano cewa ta yi daidai da wadda ke yawo a Nepal a lokacin. A Disambar 2016 babban sakatare Ban Ki-moon ya nemi gafarar mutanen Haiti. Da a ce tururin ƙasa ne, ko zunubi, ko maita, da babu wanda zai iya tsai da hukuma mafi girma a duniya ya ce mata ke ce.

Mun kuma ga a ƙasarmu yadda ake shawo kan mutane idan da gaske ake. Kurkunu tsutsa ce, ba ta cikin ƙananan ƙwayoyin da muke magana, amma hanyarta ɗaya da su: ruwan sha. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ita sama da 650,000 a Najeriya, kuma a wurare da yawa ana danganta ta da sammu ko gado. Ba a yi mata allura ba, ba a yi mata ƙwayar magani ba. Ma'aikata da 'yan sa-kai suka shiga ƙauyuka da ƙyallen tace ruwa, suna nuna wa mutane ƙananan ƙwarin da ƙyallen ya tare, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka roƙi mai kurkunu kada ya tsoma ƙafarsa a tafki. Janar Yakubu Gowon ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye tare da cibiyar Carter. A 2013 aka ba Najeriya shaidar rabuwa da ita. Mutanen da ake cewa ba sa jin magana sun ji, domin an nuna musu da idonsu, kuma an zo musu da rijiya tare da nasihar.

A 2021 Najeriya ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton kwalara ta kama, sama da 3,500 suka mutu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Kusan kowace damina haka ake, ruwa ya cika masai ya tura cikin rijiya, 'yan garuwa su ɗebo su raba gida-gida. Sai a fito a rediyo a ce jama'a su kula da tsabta, su wanke hannu, su guji ɗanyen ganye. Shawarar tana da kyau, kuma ruwan gishiri da sukari yana ceton rai idan aka fara shi da wuri. Amma sanarwar da ta tsaya a kan halin jama'a ba ta ambaci ruwan da suke sha ba, ita ma wani nau'in musu ne, ko da mai yin ta likita ne. Duk kwamishinan lafiya ko shugaban ƙaramar hukuma da ya sanar da ɓarkewar amai da gudawa, ya kamata 'yan jarida da masu unguwanni su tsare shi da tambayoyin da Snow ya yi a Soho: gidajen da abin ya shafa daga ina suke ɗiban ruwa, an ɗebi ruwan an kai ɗakin gwaji, me aka gani, wace rana aka zuba wa rijiyar kulorin ko aka rufe ta, kuma kafin a gyara, wa zai kawo wa unguwar ruwan sha.